Rabin Labarin da Mama Ta Ji

Auta ta turo ƙofar falon Mama da ƙafa, don hannuwanta duka a cike suke: jakar makaranta a kafaɗa, littattafan 'yan ajinta da ba ta gama dubawa ba a ƙirji, ledar madarar 'yan biyu tana lilo a ɗan yatsa. Sallamar ma a ciki ta yi ta. Ta zube a doguwar kujera ta lumshe ido, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a bakin ƙofa.

"Kada ki soma barcin nan tukuna," in ji Mama. Tana zaune a ƙasa tana kokawa da ƙaramar cikin 'yan biyun, wadda ta rantse ba za a sa mata riga ba. "Na yi magana da Kawunki. Ƙarshen watan nan za a zauna, mu da dangin mai firij ɗin nan, a yi ta ta ƙare. Auren nan ya ishe ni haka."

"Mama, don Allah ba yau ba. Kaina kamar zai tsage."

"Yaushe ne ba ya tsagewa? Dube ki fa! Duk kin zama wuya da ido. Haka na ba shi ke?"

Mai firij ɗin nan shi ne mijin Auta. Gyaran firij da na'urar sanyaya ɗaki yake yi, kowa a layinsu Injiniya yake ce masa. Mama ma a da "ɗana Injiniya" take cewa, har da ɓoye masa tsokar nama a gefen tukunya. Yanzu kuwa ko sunan sana'arsa sai ta yatsine fuska take faɗa.

"Mutumin da ya bar ki a bakin titi da tsohon ciki, rana tana gasa ki?" Mama ta lanƙwasa yatsa. "Mutumin da ya yi kwana da kwanaki bai ce miki ci kanki ba don kin ƙona masa riga? Sannan ya tashi rana tsaka ya kwance firij yana aiki lafiya lau, madarar yara da maganinsu suka lalace, don kawai ya ƙuntata miki? Haba! Ko dutse ce ke ai ya isa."

Kuma fa, a faɗi gaskiya, Mama ba ta ƙara ko ƙwayar gishiri ba. Duk abin da ta lissafa daga bakin Auta ta ji shi, a waya, cikin kuka da jan majina. Ranar firij ɗin ce Mama ta ce ba za ta iya ba, ta ɗauki tasi ta je ta kwaso 'yarta da jikokinta. Tun daga nan Auta take gida.

Auta ba ta da ƙarfin musu, ba ta kuma da ƙarfin cewa to. Abin da ta kasa gaya wa kowa shi ne har yanzu idan ta ji ƙarar babur a layi sai ta kasa kunne ko nasa ne. Mutumin da ya taɓa yin sintiri makarantarsu wai yana gyaran firij ɗin ofishin malamai, gyaran da ba ya ƙarewa, har shugabar makaranta ta ce masa, "Injiniya, in malamarmu kake so ka faɗa, ka bar mana firij ya huta." Shi ne yau ake shirin raba su, ita kuma ta gaji har ta rasa bakin cewa a dakata.

Wannan shugabar ce dai ta same ta washegari a ajin da yara suka fita tara, ta kifa kai a kan tebur tana kuka marar sauti. Ba ta yi mata wa'azi ba. Ta kwatanta mata wani ofis a saman wani kantin magani.

"Akwai wata mata a can, aikinta ke nan, sauraron mutane da ma'aurata. Karatunsa ta yi. Mu Anti Sai-kuma muke ce mata."

"Wane irin suna ne wannan?"

"Je ki dai, za ki gane."

Ɗakin ƙarami ne. Kujeru uku, ɗan tebur da kwalin tisu a kai, labule mai ruwan toka, sai wata fankar bango da take juyawa tana ƙiii-ƙiii kamar tana neman agaji. Anti Sai-kuma mace ce mai jiki, ta manyanta, gilashinta a rataye da igiya a wuya. Ba ta yi kama da mai iya gyara wa kowa rayuwa ba. Ita ma kanta kamar a gajiye take.

"Kafin komai, Malama, zan yi miki tambaya, ki ba ni gaskiya," in ji ta. "Ya taɓa ɗaga miki hannu? Kina jin tsoronsa?"

"A'a wallahi. Shi ko tsawa bai iya ba. Shiru ne makaminsa."

"To. Da kin ce e, da wata magana daban za mu yi, kuma da na ce ki je ki gode wa mahaifiyarki. Yanzu ba ni labari."

Auta ta ba ta labarin bakin titi, kamar yadda ta saba ba da shi, har inda ya tayar da babur ya tafi ya bar ta. Ta ja tisu ta share ido, tana jiran a ce mata "kai, maza ba su da kirki."

"Sai kuma me ya faru?" in ji Anti.

"Na ce ya tafi ya bar ni."

"Na ji. Amma ga ki nan a gabana, ba a bakin titi ba. Sai kuma?"

Auta ta ɗan harari fankar. "To... ni ce ma na ce ya sauke ni, ba zan ƙara hawa babur ɗinsa ba. Da ya tafi na kira Mama. Ina cikin wayar sai ga shi ya dawo da tasi, da ruwan sanyi a hannu. Na ce wa Mama zan sake kira."

"Sai kuma?"

"Ya sa ni a tasin, shi ya biyo mu a baya a kan babur, yana ta yi wa direba hon wai ya rage gudu. Har direban ya ce, 'Madam, ƙwai kika haɗiya ne?'" Dariya ta kufce mata, ta yi saurin toshe baki.

"Kin sake kiran Mama?"

"A'a."

"Me ya sa?"

"To me zan ce mata? Ai mun shirya."

Haka aka bi labarin riga. Ashe bayan shirun nan nasa, wata safiya ta tashi ta tarar ya kwance dutsen gugar ya gyara abin da yake sa shi zafi fiye da kima, ya kuma goge mata kayan makarantarta kaf ya rataye. Mama ta ji wannan? Ina! Mama a ƙonanniyar riga aka bar ta.

Anti ta cire gilashi ta murza ido. "Malama, ba ƙarya kika yi wa mahaifiyarki ba. Amma duk labarin da kika kai mata, a inda ya fi ciwo kika yanke shi. Ku kun wuce wurin, ita tana nan tsaye. A idonta har yanzu kina bakin titi."

Auta ta ji maganar ta sauka mata a ƙirji.

"Kuma ba na ce ba ki da abin kuka ba," Anti ta ci gaba. "Shirun miji ciwo ne. Ga aiki, ga yara biyu a lokaci guda. Yaushe rabonki da barcin kirki?"

"Tun kafin in haihu."

"To wannan ma za mu duba shi, har likita zan tura ki ya auna ki. Amma maganar firij ba zan ce miki 'sai kuma' ba, don ba ki san saura ba. Mai firij ne ya sani. Zai zo?"

Sai da Auta ta sauko daga benen, ta tsaya a gefen kantin maganin, sannan ta iya danna lambarsa. Bugu ɗaya ya ɗauka, kamar wayar tana tafin hannunsa.

"Malama?"

Wata guda ke nan ba ta ji an kira ta da wannan muryar ba. Ta yi masa bayani a gurguje.

"Kaunsilin? Wajen mai ba ma'aurata shawara?" in ji shi. "Ni fa ba mahaukaci ba ne."

"Ni ma haka. Ka zo ko kada ka zo, ni dai na gaji. Ƙarshen wata za a raba mu, ka sani ko?"

Shiru. Irin shirun nan nasa mai sa mutum ya ji kamar ya buga waya da ƙasa. Can ya ce, "Wane bene kika ce?"

Ya zo. Da kayan aiki a jikinsa, baƙin mai a farce, ya rame shi ma har rigar tana yi masa yawa. Ya gaishe da Anti, ya saci kallon matarsa, ya zauna a bakin kujera kamar wanda aka kawo gaban alƙali. Ba a yi nisa ba idonsa ya koma kan fankar bango. Ƙiii-ƙiii. Ya kalle ta, ya kau da kai, ya sake kallonta. Anti tana cikin magana sai ganin mutum aka yi ya miƙe, ya zaro sukudireba daga aljihun baya.

"Ina zuwa, Injiniya?"

"Fankar nan, Anti. Mai kawai take so. Yanzun nan zan..."

"Zauna. Fankata ce, ina son kayata haka."

"Ba zai ɗau lokaci ba fa."

"Na sani. Matarka ta yi maka tambaya, ka miƙe za ka gyara fanka. A gida ma haka kake yi?"

"Kullum!" in ji Auta, muryarta ta fashe. "Wallahi Anti kullum! Ina magana yana ɗaure famfo!"

Injiniya ya koma ya zauna, yana juya sukudireban a hannu. Anti ta miƙa hannu, ya ba ta, ta ajiye a kan tebur kusa da tisu.

"To, ba mu labarin firij. Ba ni za ka kalla ba, ga mai ita nan."

Da ƙyar maganar ta riƙa fitowa, kamar ana jan guga daga rijiya mai zurfi. Ana gobe abin zai faru ya dawo a makare, yara suna ta kuka, Auta ta ce masa shi da babu duk ɗaya ne a gidan. Shi kuma ya ce to ta koma inda ake da amfani.

"Tun kafin in rufe baki na san na yi ɓarna," in ji shi.

"Sai kuma?"

"Da safe ta tafi makaranta. Na zagaya gidan ina neman abin gyara. Famfo lafiya. Ƙofar banɗaki na gyara ta ranar da muka yi faɗa a kan Yayata. Soket ɗin kicin na canza shi ranar maganar babur. Fanka, dutsen guga, rediyo, ƙafar gado..." Ya buɗe tafin hannuwansa. "Babu abin da ya rage, Anti. Komai na gidan yana aiki."

"Sai kuma?"

"Sai na kasa kunne a jikin firij, na ji kamar yana wata 'yar ƙara. Ƙila ma ba ya yi. Na ce bari in wanke masa ciki, in ƙara masa gas, ta dawo ta tarar yana sanyi kamar sabo. Ina cikin yi bututu ya fashe. Na fita neman wani, ban samu irinsa ba sai yamma. Na dawo na tarar da ruwa a ƙasa, gida ba kowa."

Auta ta zuba masa ido, baki a buɗe. "Watau haƙuri kake ba ni?"

Ya sunkuyar da kai.

"Da firij? Innalillahi! Ni ina can ina cewa mugunta ce! To bakinka fa? Me ya samu bakinka, Injiniya? Kalma biyu! Shekara da shekaru ina jiran kalma biyu, kai kana ba wa famfo haƙuri!"

Kuka ya ƙwace mata, mai ƙarfi, irin wanda ta daɗe tana dannewa. Hannun Injiniya ya tafi aljihun baya, ya tarar babu komai. Ya rasa yadda zai yi da hannun, sai ya jawo tisu ya miƙa mata.

"A gidanmu ba a faɗa," in ji shi a hankali. "Babanmu in ya ɓata wa mahaifiyarmu rai, sai dai mu ga yana gyara mata murhu. Ni haka na ga ana yi."

"Ita kuma ta ji daɗin haka?" in ji Anti.

Ya yi tunani. "Ban taɓa tambaya ba."

Ba a rana ɗaya aka gama ba, kada wani ya ɗauka sihiri ne. Sun yi ta hawa benen nan, wata rana su fito suna 'yar hira, wata rana kowa ya kama hanyarsa fuska a murtuke. A nan ne ma ta fito cewa shi ma ba baya ba ne wajen kai rabin labari. Yayarsa, wadda ta riƙe shi bayan rasuwar iyayensu, ita ce kunnensa. Bakin da ba ya buɗuwa a gaban mata, a gaban Yaya yakan ɗan buɗe, kuma daidai wurin ciwo yake rufewa. Yaya ta san Auta ta taɓa jifansa da kofi. Ta san an taɓa barinsa da yunwa. Saura kuwa ba ta sani ba.

"Ni ba zan je zamanku ba," in ji Anti a haɗuwarsu ta ƙarshe kafin ranar. "Ba kuma zan ce muku ku zauna ko ku rabu ba, wannan naku ne. Amma mutanen nan za su yanke hukunci a kan labarin da ku kuka gutsure. Ko rabuwa za ku yi, ku ƙarasa musu tukuna."

Kafin ranar ta zo, wata maƙwabciya mai ido a tsakar ka ta kai wa Mama rahoton benen. Auta ta dawo ta tarar da ita a tsaye a tsakiyar falo.

"Wajen likitan mahaukata kike zuwa? Ke da shi? Ina raye za ki kwashe sirrin gidanki ki kai wa bare?"

"Mama, ba haka ba ne..."

"Me ta sani a kanki da ban sani ba? Ni da na haife ki! Ni da nake ɗaukar wayarki ko ina tsakiyar salla sai na sallame na kira!"

"Akwai abin da ba ki sani ba, Mama. Kuma ni na hana ki sani."

"To faɗi!"

Auta ta duba fuskar Mama, ta ga jijiyar goshinta ta tashi, ta tuna da hawan jininta. Ƙarfin halin ya gudu. Ta shige ɗaki ta rungumi yaranta tana hawaye, tana jin Mama a falo tana faɗa da kujeru.

Ranar zama falon ya cika da zafi. Kawu a kujerar tsakiya yana fifita da jarida. Mama a dama, Yaya a hagu da jakarta a cinya, kowace ta ɗaure fuska kamar ba su taɓa cin abinci a kwano ɗaya ba. Injiniya a ƙasa kusa da ƙofa. Auta a gefen ƙafar Mama.

Mama ce ta fara, da bakin titi. Ta kai inda babur ya tashi, ta juya ga Kawu. "Ka ji fa. Da tsohon ciki!"

"Akwai saura, Mama," in ji Auta.

"Saura me?"

Ta ƙarasa. Tasi, ruwan sanyi, hon, har da maganar ƙwai. Kawu ya yi tari don ya ɓoye dariya. Mama ba ta yi dariya ba. Ta wuce zuwa riga, Auta ta ce akwai saura. Ta wuce zuwa firij, da ƙarfinta, don nan ne take ganin ba makawa. Auta ta ƙarasa wannan ma.

Yaya ta gyara zama, ta ga dama ta samu. "To kun ji! Ƙanena ba shi da laifi. Ita fa da ta jefe shi da kofi? Ta bar shi da yunwa ya kwana..."

"Akwai saura, Yaya," in ji Injiniya.

Duk aka juya. Bai ɗaga kai ba.

"Kofin roba ne, kuma ni na ce mata aikinta wasa da yara ne kawai. Ranar yunwar kuma a asibiti ta yini da yaran, suna zazzaɓi, ni ina shago ban ɗauki waya ba. Duk da haka ta dafa mini shayi kafin ta zauna. Lokacin da gas ya ƙona mini hannu, da na ce miki na warke da kaina? Ita ta riƙa ba ni abinci a baki. Ita take sa mini maɓallin riga. Ban gaya miki ba."

"Don me?" in ji Yaya.

"Kunya nake ji."

Yaya ta buɗe jaka ta rufe, ba ta ɗauki komai ba. Auta ta ɗaga kai tana tsammanin ta ga fuskar Mama ta saki. Abin da ta gani ya fi faɗa ciwo: Mama kuka take yi.

"Watau," in ji Mama, tana nuna ƙirjinta, "ranar nan da na kasa cin abinci, na yi ta safa da marwa a tsakar gida ina jiran ki sake kira, ina cewa ko ta faɗi a titi, ko an kwashe ta... ke kina cikin tasi kina shan ruwan sanyi kina dariya?"

"Mama..."

"Rufe min baki! Ɗacin duka ni kika juye wa, daɗin kika shanye ke kaɗai? Kin san sau nawa aka ƙara mini maganin hawan jini? Yaron nan da nake so kamar ni na haife shi, kika sa na tsane shi, ina ganin fuskarsa raina yana ɓaci. Ashe ku kuna can kuna shiryawa, ni aka bari da gaba!"

Auta ta kifa kai a gwiwar Mama tana ba ta haƙuri, Mama ta janye ƙafarta. Yaya ma ta juya fuska bango tana share ido da gefen mayafi.

A nan ne Injiniya ya matso a kan gwiwoyinsa. Daidai gabansa hannun durowar talabijin ɗin Mama yana lilo, ƙusa ɗaya ta kwance. Auta ta ga idonsa ya sauka a kai, ta ga yatsunsa sun motsa. Ya damƙe hannu ɗaya da ɗaya ya danne su a cinya.

"Mama, ki yi haƙuri," in ji shi. Muryar ta fito a shaƙe kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. "Na ƙuntata wa 'yarki da shiru. Laifina ne." Ya juya. "Malama, ki yi haƙuri. Abin da na ce ranar nan, ban kyauta ba. Ina son ki dawo."

"Ikon Allah!" in ji Kawu, ya ajiye jarida. "Ashe yana magana!"

Ba wanda ya yi dariya sai Yaya, ita ma cikin hawaye.

Da Mama ta tashi magana, ba Injiniya ta kalla ba. "Ba za a raba ba. Amma ba za ta bi ka yau ba. Ni ma sai na huce. Ba a kwashe abin shekaru daga zuciya a yini guda."

Suka yi haƙuri, don ba su da ta cewa. Injiniya yana zuwa gaisuwa, Mama tana amsawa a daƙile. Suna hawa benensu, Auta tana shan maganin da likita ya ba ta, barci ya fara dawo mata. Hannun durowar nan yana nan yana lilo, bai taɓa shi ba. Sai wata rana da zai tafi Mama ta ce, ba tare da ta kalle shi ba, "Wai kai ba Injiniya ba ne? Kana ganin abu yana lilo sai an roƙe ka?" A makon ne Auta ta koma ɗakinta, ta tarar da firij yana sanyi har da ƙanƙara.

Faɗa kuwa bai ƙare ba, wane aure ne ba a yi? Bayan 'yan watanni Injiniya ya manta bai je ɗaukar yara daga gidan raino ba, Auta ta je ta same su su kaɗai suka rage. Ranta ya ɓaci, hannu ya tafi waya kamar yadda ya saba.

"Mama, kin ga mutumin nan ko? Ya bar mini yara har kowa ya watse, ƙaramar ta yi kuka har muryarta ta dishe!"

Ta tsaya tana jiran salati da faɗa. Sai ta ji Mama ta gyara zama, ta kurɓi shayi.

"Uhm," in ji Mama. "Sai kuma me ya faru?"

Auta ta juya. Ga shi nan a bakin ƙofar kicin, hannuwansa a bayansa, ba sukudireba, yana ta motsa baki yana haɗa kalmominsa biyu.

"Riƙe wayar, Mama," in ji ta. "Kada ki kashe. Yanzu za ki ji saura."

To, 'yan'uwa masu aure da masu shirin yi, kun dai ji. Ba a ce ku ɓoye wa iyaye cuta ba; wanda ake zalunta ya faɗa, ya faɗa da ƙarfi. Amma in kun kai musu kukanku, ku koma ku kai musu dariyar da ta biyo baya, don ku kuna mantawa, su ba sa mantawa. Wanda ya yi laifi ya buɗe baki ya ba da haƙuri, kada ya aiki famfo. In kuma abin ya fi ƙarfinku, hawa bene wajen wanda ya san aikin ba hauka ba ne.